Ƙafar da Inna Ta Ba Ni

Ranar da na fara aiki a Doha, dutsen goge kaushi aka miƙo mini da ƙaramin baho na ruwan ɗumi. Na tsaya riƙe da su sororo. Na ce wa matar da ke kula da shagon ai ni asibitin ƙafa aka ce za a kawo ni. Ta dube ni sama da ƙasa, ta nuna mini wata Balarabiya da ta miƙe ƙafafu tana latsa waya, ta ce, "Ga ƙafa nan. Yalla," wato maza in fara.

To, ejan ɗin da ya yi mini hanya daga Kano bai yi ƙarya duka ba, Allah ya isa dai tsakanina da shi. Ya ce ƙafafun mutane zan riƙa kula da su, ga shi kuwa ina kula da su. Abin da ya ɓoye shi ne shagon gyaran jikin mata ne a unguwar Mu'aither, inda ake yanke farce a shafa masa ja. Sau ɗaya ya ɗauki wayata, ya ce in yi haƙuri, da haka kowa ya fara. Daga ranar lambarsa ba ta sake shiga ba.

Sunana Sa'adatu, 'yar Funtuwa ce ni, kuma ni ce 'yar fari a ɗakinmu. Na karanta ilimin sassan jikin ɗan'adam a jami'a, na fito da digiri mai daraja ta uku, wanda ɗalibai ke kira tad-kilas suna rage murya kamar masu gaisuwar mutuwa. Burina guda ne, in zama likitar ƙafa. Mutane kan yi dariya in na faɗa, wai duk faɗin jikin ɗan'adam na rasa abin zaɓa sai inda yake taka ƙasa. A gida ban san inda ake koyar da wannan fanni shi kaɗai ba, makarantun waje da na nema kuma duk bakinsu ɗaya, makina bai kai ba. Wata jami'a ce kawai a Birtaniya ta ɗan buɗe mini ƙofa. Ta ce takan duba mai ƙaramin sakamako in ya yi aiki a asibitin ƙafa, kuma in yana da uzuri mai ƙarfi kan abin da ya ja makinsa ƙasa. Aikin na zo nema Doha. Uzurin kuwa ina da shi, sai dai na riga na ƙudurta ba zai fita daga bakina ba.

Uzurin Inna ce, mahaifiyata. Waina take soyawa a ƙofar gida tun muna ƙanana, da ita ta riƙe mu bayan rasuwar Baba. Ciwon suga ya daɗe a jikinta har ya kashe mata jin ƙafa, ba wanda ya lura. Ana jibi Sallah ta taka garwashi a gindin tanda, ba ta ji komai ba. Washegari ta yi ƙunshi, lalle ya kama ya yi baƙi wuluk yadda take so. Muna ta yaba kyan ƙafa, ashe ƙunar tana ƙasan lallen tana cin ta. Sai da wari ya tona asiri. Ina aji uku a jami'a lokacin. Sauran shekaruna biyu tsakanin aji da gadon asibiti na yi su, in wanke ciwo da sassafe, in kama mota in shiga jarrabawa da warin magani a hannuna. Aka cire yatsa, aka ƙara cire wani, daga ƙarshe aka yanke daga ƙasan gwiwa. Duk wanda ya duba sakamakona zai ga shekara biyun farko suna tafiya ras, biyun ƙarshe sun faɗa rami.

Amma a gidanmu abin da ka yi wa uwa ba a faɗinsa. Ka faɗa ya zama gori, ladan ya zube. Ta yaya zan zauna gaban baƙi in ce jinyar uwata ce ta kayar da ni? Ita da ta goya ni tana gaban wuta, na taɓa jin ta ce goyona ya hana ta wani abu?

Masaukinmu, mu ma'aikatan shagon, ɗaki ne guda a saman wani bene nan Mu'aither, gado kan gado. A saman nawa Hawa take kwana, 'yar Zangon Kumasi ta ƙasar Ghana, mai gyaran gashi. Hausarta tana ba ni dariya don ba ta raba mace da namiji, kowa "shi" ne a bakinta. Tawa kuma tana ba ta haushi, wai ina magana kamar mai karanta labarai a rediyo. Hawa ba ta da birki a baki. Ranar farko da ta same ni ina kuka a kan bahon wankin ƙafa, cewa ta yi, "Ke, ruwan ya isa haka, kar ki ƙara mishi gishiri." Sannan ta tura mini kwanon tuwon zafi da miyar ayoyo, wato lalo, ta tsaya a kaina sai da na cinye.

Ana wata ga wata. Ban gama sanin hanyar shago ba korona ta shigo, aka rufe ko'ina. Mai shagon ita ce kafil ɗinmu, wato zamanmu a ƙasar a hannunta yake. Ta aiko da buhun shinkafa sau ɗaya, daga nan ta yi ɗif. Azumi ya same mu a kulle. Abin da ba zan manta ba shi ne kiran salla. Ladan zai kira tiryan-tiryan, in ya zo inda zai ce ku taho, sai ya ce ku yi salla a gidajenku. Ni da gidana yake bayan teku da hamada, sai in shimfiɗa ɗankwali tsakanin gadaje in tayar. Kewar gida ta kama ni har ƙashi. Rannan na jiƙa shinkafa na niƙa a bilenda na ce sai na ci waina, babu tanda, na zuba a kaskon suyar ƙwai. Abin ya fito fale-fale. Hawa ta ɗaga guda ta leƙa ni ta cikin hujinta, ta ce in uwata ta ga wannan za ta ce an musanya mata jariri a asibiti.

Duk Juma'a nake kiran gida ta bidiyo. Ƙanwata Murja ke riƙe wayar. Inna ba ta kallon fuskata sosai, ba ta kuma kama sunana, kunyar 'yar fari. "Ke, kina cin abinci?" shi ne tambayarta. In ce ina ci. In tambaye ta ƙafa, ta ce da sauƙi. Ita ba ta faɗa mini dungun yana mata zugi, ni ban faɗa mata kaushin matan mutane nake gogewa ba. Haka muke rufa wa juna asiri mu ajiye waya.

Zazzaɓi ne ya buɗe mini hanya, ikon Allah. Na tashi da ciwon kai, na daina jin ƙamshin komai, aka kai ni wurin gwaji. Likitar da ta karɓe ni ta rufe jikinta ruf, ido kawai ake gani. Ta karanta sunana a kati, sai na ji ta ce, "Sa'adatu, 'yar wane gari?"

Da Hausa! Na ce Funtuwa.

"Kai, ashe ta gida ce. Ni 'yar Malumfashi ce. Sannu ƙanwata, yaya jikin?"

Wallahi ban san lokacin da na fashe da kuka ba. Ta ɗaga tsinken gwajin ta ce, "Haba, ki bari in sa miki wannan a hanci tukun, kukan zai zo da kansa."

Dakta Bilkisu ke nan. Cutar ce kuwa ta kama ni, aka killace ni. Duk tsawon zamana a can, kullum sai an ajiye mini kula a bakin ƙofa, yau tuwon shinkafa miyar kuka, gobe dambu, da ɗan ƙullin yaji a gefe. Ban jin ɗanɗano, amma ina ci don na san hannun da ya tuƙa. Da na warke ta zaunar da ni ta ji labarina, ban da zancen Inna. A tsakanin nan aka sassauta doka, ma'aikaci yana iya sauya wurin aiki ba sai kafil ya yarda ba. Dakta Bilkisu ta yi ta buga waya har ta samo mini gurbin mataimakiya a wani asibiti mai zaman kansa a unguwar Al Gharrafa, a sashen ƙafar masu ciwon suga. Hawa ma ta koma shagon wani otal, muka kama ƙaramin ɗaki mu biyu, ba mu bar Mu'aither ba.

A Gharrafa na fara jin na iso. Shugabata Dakta Nadiya ce, 'yar Sudan da ta yi karatun ƙafa a Birtaniya, doguwa, mai faɗa da saurin sauka. Aikina in jera kayan aiki, in kwance bandeji, in wanke, in riƙe ƙafa ta yi abin da za ta yi. Ba ta rowar ilimi. Makona na farko ta nuna mini wani siririn zaren roba. Mara lafiya zai rufe ido, a dangwala masa a tafin ƙafa, ya ce ya ji ko bai ji ba. Wani dattijo aka fara yi wa a gabana. Ana dangwalawa yana murmushi ido rufe, yana jiran a fara. Na fita na shiga banɗaki na kama bakin famfo. Ɗan zaren nan! Da an taɓa dangwala wa Inna shi sau ɗaya, da an san ƙafarta ta daina ji, da an hana ta zama gaban wuta ba takalmi.

Akwai wata tsohuwa 'yar ƙasar da ke zuwa duk mako, ƙafarta kullum jajir da lalle har idon sawu. Dakta Nadiya ta yi faɗan har ta gaji, tsohuwa ta ce ita ba za ta je wa Ubangijinta da farar ƙafa kamar ta namiji ba. Na nemi izini, na kwaɓa lalle na zana mata a bayan ƙafar kawai, na bar tafin da tsakanin yatsu fes yadda za a ga duk abin da ya fito. Ta juya ƙafar ta duba, ta ce zanen baƙo ne amma ya yi. Tun daga nan take ce mini binti, 'yata ke nan, kuma ba ta zuwa ba dabino a jakarta.

Masu asibitin suna da wani tsari. Ma'aikacin da ya samu gurbin karatu a fanninsa, su ɗauki nauyinsa, ya dawo ya yi musu aiki. In bai samu ba, kwantiraginsa na ƙarewa sai gida. Nawa zai ƙare bayan gasar kofin duniya. Dakta Nadiya ta tsaya mini, na sake neman jami'ar nan, suka kira ni intabiyu ta kwamfuta.

Na sa mayafina mai kyau, na zauna a ofishinta. Mutum uku ne a allon kwamfutar, mata biyu da wani dattijo mai gilashi. Duk sun girme ni, don haka na sunkuyar da kai yadda aka koya mini. Suka tambaye ni aiki, na amsa. Suka ce me ya sa za su zaɓe ni a kan wasu, na ce akwai waɗanda suka fi ni, in an ba ni dai zan yi ƙoƙari. Yabon kai jahilci, ko ba haka aka ce mana ba? Sai dattijon ya ce, "Shekarunki biyu na farko suna da kyau ƙwarai. Me ya faru a na ƙarshen?"

Na ga gadon asibitin nan, na ji warin. Na ce, "Ban yi ƙoƙari yadda ya kamata ba."

Ya ce, "Shi ke nan?"

Na ce shi ke nan.

Amsa ba ta daɗe ba. Ba su ɗauke ni ba. Sun ce ban kawo wani dalili ba, ban nuna ina son abin ba, ko kallonsu ban yi. Amma saboda shaidar da Dakta Nadiya ta ba ni, za su saurare ni sau ɗaya tak a zagaye na gaba.

Ranar Juma'a na je gidan Dakta Bilkisu, ita ma a Gharrafa take. A kicin ta titsiye ni tana yanka alayyahu, sai da na amayar mata da komai. Ta ajiye wuƙar ta juyo gare ni ta ce:

"Sa'adatu, ni ma Bahaushiya ce, na san abin da kike ji. Amma mutanen nan ba su san kunya irin tamu ba. Kika sunkuyar da kai, gani suke kina ɓoye wani abu. Kika ce ba ki yi ƙoƙari ba, yarda za su yi. Ke kika ba da shaida a kan kanki."

Na ce, "Anti, in sai na sayar da ciwon Inna zan shiga, na haƙura da karatun."

"Wa ya ce sayarwa? Gaskiya aka tambaye ki."

"Gaskiyar da za ta sa a ce uwata ce sanadi? A'a wallahi."

Ta ce taurin kaina ya yi yawa, na ce na ji. Muka ci abinci kowa na cika yana batsewa. Da zan tafi duk da haka sai da ta cusa mini tanda a jaka, ta ƙarfe, wai ta ga ta fi amfani a hannun 'yar mai waina.

Hawa ba ta ce komai ba da na ba ta labari, abin da ya kamata ya tsorata ni ke nan. A lokacin ma hankalinta yana kan ƙwallo. Ghana ta fitar da Nijeriya daga zuwa gasar, na shiga uku a ɗakin nan. Ta rataya tuta a saman gadona, kullum da safe ta gaishe ni da, "Sannu 'yan kallo, an zo Qatar ba a gayyace ku ba." Ni da ban san yawan 'yan wasa a fili ba, sai ga ni ina jin haushi har wuya.

Gasar na zuwa Doha ta zama wata duniya. Asibitinmu ya ba da aron ma'aikata, aka tura ni wata rumfar agajin gaggawa kusa da babbar tashar jirgin ƙasa ta Mushairib, inda layuka ke haɗuwa. Jama'a kamar an tuɗe kwandon gero, ganguna, tutoci, kowa da waƙarsa. Ni kuwa ƙafafunsu nake gani. Mutum ya sayi sabon takalmi don zuwa kallon ƙwallo, ya wuni yana yawo, ya zo mini yana ɗingishi da bororo a dunduniya. Na riƙe ƙafar Balarabe, ta Bature, ta 'yan Kudancin Amurka da ko gaisuwa ba mu iya yi wa juna. Wani ƙato da fenti a fuska ya runtse ido yana kiran uwarsa da harshensu don zan ɗiga masa magani. Na ce ashe kowa da innarsa. Ina son aikin nan kamar raina, kuma kullum in na naɗe safar hannu sai in tuna saura kaɗan a ce mini khalas, wato an gama, a miƙo mini tikitin gida. An sa ranar intabiyu ta biyu kafin wasan ƙarshe, ni kuma ban da sabuwar amsa.

Juma'ar da aka fitar da Ghana na shirya ramuwa, amma ban samu dama ba, don tun da rana Hawa ta riga ni. Ina zaune bakin gado muna gaisawa da Inna, sai ji na yi an fizge wayar.

"Inna, ina wuni? Hawa ne, na Kumasi. Inna, wannan yarinyanki taurin kai gare shi. Makaranta sun tambaye shi me ya sa ya faɗi jarrabawa, ya ƙi ya ce jinyanki ya yi. Wai kunya. Yanzu saura dama ɗaya, in ya ƙi faɗi za su kore shi gida. Ki yi mishi magana, ni na gaji."

Na yi kukan kura na kai mata wawura, ta haye gado ta ɗaga wayar sama. Kafin in ƙwace, na ji Inna ta ce, "Murja, kashe." Allon ya yi baƙi.

Ban taɓa jin zafin mutum kamar yadda na ji na Hawa ranar ba. Na gaya mata maganganu, na ce ba ta san darajar uwa ba, na ce ta tsinka ni a gaban mahaifiyata. Abin da na shekara da shekaru ina rufewa, ta kwance shi a numfashi ɗaya. Yanzu Inna za ta zauna da dungunta tana tunanin ita ta tare mini hanya. Hawa ta bari na gama, ta ce, "Uwana ya rasu ina nan ina gyara gashin mutane. Ke naki yana da rai, kina mishi kunya." Ta ja mayafi ta fita. Muka daina magana, ko da yake kullum na dawo sai in tarar an rufe mini abinci.

Inna ba ta kira ba, ni ma na kasa kira. Sai ana gobe intabiyu, da la'asar, ina rumfar Mushairib, wayata ta yi ƙara. Na roƙi abokiyar aikina ta riƙe mini, na zaga bayan rumfar na toshe kunne ɗaya saboda ganguna. Inna tana zaune a tabarma, sandarta a jingine da bango. Kamar kullum gefe take kallo.

"Ke. Abin da yarinyar nan ta faɗa, haka ne?"

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba ta da hankali ne."

"Ta fi ki. Na ce haka ne?"

Na ce haka ne.

Ta gyara zama. Sannan ta ce, "Kin ɗauka ban sani ba? Ƙafa aka yanke mini, ba ido ba. Ina kwance ina ganinki, littafi a cinya, hannu ɗaya yana mini fifita, shafin nan ba ya juyawa. Na sani tun a lokacin. Na yi shiru ne don ban da abin da zan biya ki."

"Inna, don Allah ki bari. Ba bashi ba ne."

"To ki saurara. Gori shi ne ki faɗa mini don ki ƙona mini rai. Wannan kuwa ni na aike ki. Ƙafar nan kawunki ya naɗe ta a ƙyalle ya kai maƙabarta, tun ranar ba ta sake kai ni ko ƙofar gida ba. In za ta iya kai ki makaranta, na ba ki ita halak malak. Ki tafi da ita."

Na durƙusa a wurin, a kan dutsen titi, mutane suna ratsa ni da tutocinsu.

Ta ƙara da cewa, "Ki faɗa musu har da lallen, kar ki rage. Wata ta ji ta kiyaye. Kuma ki ɗaga kanki, an ce ba sa son sunkuye. Allah ya yi miki albarka. Murja, kashe."

Da na koma gida na jiƙa shinkafa. Washegari da sassafe na ɗora tandar Anti Bilkisu, na soya waina ta gaske, mai kumburi, na ajiye a gaban Hawa. Ta ɗauki guda ta juya ta, ta ce, "Yau dai ba a musanya jariri ba." Muka yi dariya, muka yi kuka, ta gyara mini zaman mayafi ta ce in tafi kar in makara.

Mutum ukun nan ne dai. Ɗaga kai in kalli dattijo cikin ido ya fi mini wuya fiye da duk jarrabawar da na taɓa yi, amma na ɗaga. Da ya maimaita tambayarsa, na ce, "Mahaifiyata ta ba ni izini in faɗa muku." Na fara daga garwashin, na bi ta lallen, da motar asuba, da yatsa na farko, har ranar da aka fito da ita daga tiyata bargo ya kwanta a inda ƙafa take. Ɗaya daga cikin matan ta ce me ya hana ni faɗa wancan karon. Na ce a wurinmu ɗa ba ya lissafa abin da ya yi wa uwa. Ta ce to me nake so in yi da karatun. Na ce ina so in koma inda mata ke soya waina ba takalmi, da ɗan zaren roba a aljihuna. Da muka gama na buɗe ƙofa na tarar da Dakta Nadiya a tsaye tana goge ido, ta daka mini tsawa wai marasa lafiya suna jira.

Aka buga wasan ƙarshe, baƙi suka watse. Gari ya yi tsit, ana ta kwance tutoci daga jikin fitilun titi, mu ma muka naɗe rumfarmu muka koma Gharrafa. Wata safiya ina tsaka da kwance wa tsohuwar nan mai lalle bandeji, Dakta Nadiya ta leƙo ta ce in duba wayata, ita an turo mata kwafi. Sun ɗauke ni. Da sharaɗi, sai na ci jarrabawar Turanci, kuma sai na yi zangon share fage kafin in shiga aji da sauran. Ko zango goma suka ce ai zan yi. Tsohuwa ta tambayi abin da ya faru, da aka gaya mata ta rangaɗa guɗa irin tasu, ta juye mini dabinon jakarta duka a cinya.

Ban jira Juma'a ba. Na fita baranda na kira Murja. A gida hantsi bai gama ɗagawa ba, Inna tana kan 'yar kujerarta a ƙofar gida, tanda na ta ƙauri, masu saye a tsaye da kwanuka. Na ce, "Inna, sun ɗauke ni."

Ba ta ɗago ba. Ta juya waina ɗaya, ta juya ta biyu. Ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta sallami wata mai saye. Sannan ta ce, "Murja, nuna mata."

Murja ta sauke wayar ƙasa. Ƙafar Inna ɗaya tilo tana cikin takalmi mai rufi, an ja ta nesa da garwashi. Ta zare takalmin a hankali. An zana lalle a bayan ƙafar, ja mai kyau, tafin da tsakanin yatsu an bar su fes yadda na sha roƙonta tana ƙi.

Daga sama na ji muryarta tana cewa, "To, waccan ta kai ki. Ki yi karatunki ki dawo da wuri, ga ɗayar nan ina riƙe miki."